Jona ko haɗa: masu sana'a, yaya kuke faɗa a wurin aiki?

Mai buɗe zance: Jama'a, salamu alaikum. Yaushe ake cewa "jona", yaushe kuma "haɗa"? Masu aikin hannu muke son ji.

Mai wayarin: Wa alaikumus salam, Malam. A wajenmu jona baki da baki ne, don wuta ta wuce. A feƙe robar kowace waya kamar santimita 3, a murɗe jan ƙarfen biyu sosai, a naɗe da tef har ya hau kan robar ta kowane gefe. Joni mai sako-sako shi ke ɗaukar zafi, ya narka tef, ya ta da gobara. Kada a jona jan ƙarfe da alminiyam kai tsaye, wurin cinyewa yake. Haka wayar fitila mai lambar kauri 1.5 ba ta shiga layin soket mai 2.5, siririyar ce za ta ƙone. Idan kuwa muka ce mun haɗa wutar gida, aikin ne gaba ɗayansa, daga mita har ƙwan fitila.

Mai aikin famfo: Haka ne, Oga. Bututun roba ma jona shi ake yi. A yanke bakin daidai, a goge ƙura da danshi, a shafa gam ciki da waje, a tura a ɗan juya, a riƙe kamar daƙiƙa 30. Yawancin yoyo daga jiƙaƙƙen baki yake, ko an saki ruwa gam bai kama ba.

Tela: Mu riga haɗa ta muke yi: gaba, baya, hannu. Joni sai yadi ya gaza an ƙara ƙyalle, shi ya sa mai kaya ke ɓata rai da ya ji kalmar. In zanen atamfar bai dace a bakin jonin ba, daga nesa ake gani.

Wata Hajiya: Ku ƙara da cewa ba a jona miya, ba a jona aure. Miya haɗawa, aure ɗaurawa, igiya ƙullawa, takarda liƙawa. Wayar hannu dai a jona ta a caji.

Dattijo daga Sakkwato: 'Ya'yana, mu nan da Maraɗi "gama" muka cewa. Ka ce wa Bakano ya gama wayoyin nan biyu, sai ya ɗauka ƙarasa aiki kake nufi, alhali shi ma yana cewa gami da gamayya.