Wai na'ura za ta zama ɗan amshi? Muhawarar da ta ɓarke a zauren makaɗan Legas

Mai Jita, Agege: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Jiya na yi wasa a wani biki nan Agege, daga ni sai jitata sai lufa, 'yar na'urar nan da kake takawa da ƙafa ta naɗi abin da ka kaɗa ta riƙa maimaita shi. Na taka, na shimfiɗa kiɗan ƙasa, na sake takawa ya kama juyawa, na ɗora na biyu a kai, sannan na shiga waƙa. Ina sauka wani dattijo cikin dangin ango ya ce a gaban jama'a wai kaset na kunna, yatsu kawai nake motsawa. Har kuɗin da muka daidaita sai da aka zaftare. Shekara uku ke nan ina amfani da lufa ƙirar Ditto, kuma babu abin da ke fita daga cikinta sai wanda na zuba a gaban idon kowa. Ku da kuka daɗe da ita, tana ƙara wa hannu ƙwarewa ne ko lalaci take koyarwa? Ni dai ta zame min ɗan amshin da ba ya makara, ba ya neman kaso.

Baba Mai Kalangu, Mile 12: Yaro, janye kalmar nan. Ɗan amshi mutum ne mai kunne da zuciya. Idan uban waƙa ya manta baiti, shi ke rufa masa asiri. Idan Alhaji ya shigo fili ana tsakiyar wasa, shi ke fara hango shi ya ɗaga murya. Akwatinka zai yi wannan?

Mai Jita, Agege: Baba, Allah ya huci zuciyarka, misali kawai na yi.

Ɗan Amshi, Idi-Araba: Wane irin misali? "Ba ya neman kaso" ka ce. Wato mu mabarata ne ke nan? Shekara goma sha ɗaya ina amshi, ban taɓa karɓar abin da ba gumina ba.

Ɗalibi, Yaba: Don Allah a duba ma'ana. Amshi maimaita abin da aka faɗa ne, lufa kuma aikinta ke nan. Mawaƙin Ingila Ed Sheeran ya cika filin wasa na Wembley dare uku a 2015, shi kaɗai da jita da lufa. Akwai wanda ya ce kaset ya kunna?

Baba Mai Kalangu, Mile 12: Can Ingila ka tafi? Ɗan Maraya Jos shi kaɗai yake zama da kuntiginsa, babu waya babu batir, kuma duniya ta saurare shi. Amshi kuma ba maimaici ba ne, amsawa ce. Je ka tambayi manya.

Ɗalibi, Yaba: To ai Baba ka taimake ni. Ashe ana iya waƙa ba ɗan amshi.

Ɗan Amshi, Idi-Araba: Ka ji 'yan boko. Wanda bai taɓa kwana a filin biki ba zai koya mana Hausa.

Anti Mai Waƙa, Obalende: Ƙanena Mai Jita, bari in ba ka amsa tunda sun bar ka a tsaye. Ina da lufa ƙirar Boss RC-1 shekara biyar. Babban amfaninta a ɗaki yake. Ba ta san kara ba. In ka yi jinkirin taka ta ko da ƙiftawar ido, duk zagayen da za ta yi sai ka ji kiɗan na ɗingishi a daidai wurin, har ka ji kunyar kanka. Watan farko na ɗauka ta lalace, ashe ƙafata da hannuna ne ba sa tafiya tare. Ita ta gyara min wannan. Amma akwai illa: sai ka saba da gajeren kiɗa ɗaya yana ta juyawa, ka manta yadda ake sauya tafiya. Ranar da na koma wasa da masu ganga, suna ƙara sauri ina nan inda nake. Saboda haka ka riƙa ajiye ta wasu ranakun. Sannan Ditto ɗinka ba ta aiki da batir, sai adafta mai bolt 9, in aka ɗauke wuta kana fili ka shiga uku. Tawa tana ɗaukar batir.

Mai Kaya, Alaba: Anti, Ditto ta fi sauƙi. Maɓalli ɗaya, abin murɗawa ɗaya, tana naɗar minti 5. Wa ke buƙatar minti 12 na RC-1? Ina da su a shago.

Ɗan Amshi, Idi-Araba: An fara talla. Shugaba, ba an hana ba?

Mai Kaya, Alaba: Kai da ka cika mana zaure da hotunan bikinku sati biyu, wa ya ce maka uffan?

Ɗan Zazzau, Agege: Ni ina bayan Mai Jita. Duk lokacin da ɗan Agege ya yi magana sai 'yan Mile 12 su taso masa. Haka aka yi lokacin rabon aikin Sallah.

Baba Mai Kalangu, Mile 12: Aikin Sallah ni aka kira da sunana. In kana da ƙorafi ka zo gida ka same ni, ba a nan ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: kowa ya yarda na'ura ba za ta maye gurbin mutum ba, kamar yadda Baba ya bayyana. Ita kanta Anti da ke da ita ta shaida tana kashe hannu. Mu da muka gaji ganga mun san wannan tun tuni. Mai Jita ya nemi afuwar 'yan amshi, a rufe maganar.

Anti Mai Waƙa, Obalende: Shugaba, ban ce tana kashe hannu ba. Cewa na yi ita ta gyara min nawa. A koma sama a karanta.

Mai Jita, Agege: Yayana na Idi-Araba, ka yafe min, ban nufi cin fuska ba. Anti, ina da wani bikin ranar Asabar a Ogba. In fara nuna wa mutane yadda take aiki kafin in soma, ko in tafi da mai kalangu ɗaya in bar ta a gida?