Wa ya taɓa zagaya Dakota da Wyoming da motar gida? A ba mu labari

Baban 'yan biyu, Minneapolis

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya kai mu hutun yara, na yi niyyar hayar motar nan mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki, wadda suke kira RV, mu yi kwana goma muna zagaya Dakota ta Kudu da Wyoming da Montana. Mu shida ne, har da surukata da ta zo daga Zariya. Ina so yaran su ga wuraren tarihin da suke karantawa a makaranta. Wanda ya taɓa yin wannan tafiya, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, daɗi da wuya.

Direban tirela, Omaha

Wa alaikumus salam. Malam, ranar da ka karɓi motar, ka rubuta tsayinta da faɗinta a takarda ka manna kusa da sitiyari. A duwatsun Black Hills akwai hanyar Needles, an huda dutse an yi mata mashiga mai faɗin ƙafa 8 kacal, motar gida kuwa ita kanta ta kai haka ban da madubai. Na ga wani bawan Allah ya isa bakin wurin, dole ya riƙa ja da baya a kan kwana, motoci sun yi layi a bayansa, matarsa tana ƙasa tana nuna masa hannu. Taswirar waya ba ruwanta da girman motarka.

Sai gangara. In za ka tsallaka duwatsun Bighorn, ka bi hanya mai lamba 16 daga Buffalo zuwa Ten Sleep. Tana hawa har ƙafa 9,666, amma a hankali. Mai lamba 14A gangarenta ya kai kashi 10 cikin ɗari, ban yarda sabon hannu ya bi ta da iyali ba. Ka sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar. In ka ɗora ƙafa a birki ka bar ta, za ka ji ƙauri, bayan ƙaurin kuma birkin ya daina ci. Iskar Wyoming ita ma ba ta wasa, tana kifar da tirela marar kaya. Ka ga allon gargaɗi ya kunnu, ka nemi wuri ka tsaya, a dafa shayi. Mai kuwa, galan ɗaya mil 8 zuwa 10 zai kai ka, don haka tanki na kaiwa rabi ka sha, garuruwan suna da nisa da juna.

Hajiya, Denver

Baban 'yan biyu, ka gaishe da Mama. Ka ba ta gadon baya, na saman direba sai an taka tsani. Naman halal ku saya tun daga gida ku daskarar, don in kun bar manyan birane samunsa sai an sha wuya. Ni na tafi da garin tuwo da kuka da daddawa da yaji. Abin da ya ba ni mamaki, a kan dutse wake ya ƙi nuna. Ashe in an yi sama ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba, sai girki ya ja lokaci. Ku jiƙa tun dare. Tankin banɗaki kuma sai an zubar a wurin da aka tanada, ku sayi safar hannu, a fara buɗe na bayan gida sannan na ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyon. Mu da muke alwala sau biyar da buta, ruwanmu yana ƙarewa da wuri, kwana biyu muke cikawa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai bai da wani suna sosai. Kusa da garin Guernsey a Wyoming akwai sawun kekunan shanun mutanen da suka yi ƙaura zuwa Oregon daga shekarun 1840. Tafiyar mil dubu biyu ce, wata biyar ko shida a hanya. Ƙafafun kekunan sun ci dutse har ya zama kwari, ɗana mai shekara tara ya shiga ya tsaya, kansa kawai nake gani. Na sa hannu na shafa gefen, sumul kamar bakin tsohuwar rijiya inda guga ya ci. Gaba kaɗan akwai Register Cliff, inda matafiyan suka kankare sunayensu da shekara a jikin dutse. Nan na tuna kakata, da take ba mu labarin mahaifinta da ya tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, bai dawo ba sai bayan shekara bakwai. Na zauna a kan dutse na yi masa addu'a, hawaye suna zuba.

Malamin makaranta, Chicago

Ɗan'uwa, shawarata kada ka kai yara Dutsen Rushmore ka tsaya a nan. Aiki ne babba, ba musu: fuskokin shugabannin Amurka huɗu, Washington da Jefferson da Theodore Roosevelt da Lincoln, kowace ƙafa 60, an sassaƙa daga 1927 zuwa 1941. Amma duwatsun nan na Black Hills, inda Rushmore yake, na ƙabilar Lakota ne, 'yan asalin ƙasar, wuri ne mai tsarki a wurinsu. A 1868 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie cewa nasu ne. A 1874 ayarin soja ƙarƙashin Custer ya shiga aka ga zinariya, a 1877 aka ƙwace. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1980 cewa a biya su sama da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce. Kuɗin yana nan ajiye, ya haura biliyan ɗaya, mutanen kuwa suna cikin mafi talaucin ƙasar nan.

Daga can muka wuce Little Bighorn a Montana, inda Lakota da Cheyenne suka gama da Custer ranar 25 ga Yuni 1876, sojoji sama da 260 suka mutu a yaƙin. Babu komai a wurin sai tudu da ciyawa da iska. Fararen duwatsu a warwatse, kowanne inda soja ya faɗi, wasu bibbiyu, wasu can nesa shi kaɗai a cikin kwari. Jajayen duwatsu na mayaƙan ƙabilun sai a 1999 aka fara kafa su. 'Yata ta tsaya gaban wani ja ta karanta sunan, ta ce, "Baba, me ya sa nasu ba su da yawa?" Mun yi kusan sa'a ɗaya a motar muna wannan magana, har ta kai mu Burmi da Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Ban taɓa samun hankalinta a kan tarihi kamar ranar ba. Ku duba ranakun da ake buɗe wurin kafin ku tashi.

Maman Ummi, Kansas City

Ni gargaɗi biyu kawai. Ɓaunan gandun dajin Custer State Park da ke Black Hills kada a sauka a matso su, sun fi mutum gudu nesa ba kusa ba. Garke ya tsare mu a titi kusan minti arba'in, wani ƙato ya goga kafaɗarsa a jikin motar har kwanuka suka yi ƙara. Sannan ku kauce wa farkon Agusta, lokacin taron masu babura a Sturgis. Mun rasa wurin kwana, muka yi ta tafiya har sha ɗaya na dare da yara.

Ɗalibi, Fargo

Yaya, in za ku dawo ta arewa, ku bi hanya mai lamba 2 ku tsaya a ƙauyen Ross a Dakota ta Arewa, yamma da Minot. Manoma 'yan Siriya da Labanan sun gina masallaci a can a 1929, yana cikin na farko-farko a Amurka. Tsohon ginin an rushe shi, amma a 2005 zuri'arsu sun tayar da ɗan ƙarami mai ƙubba, ga maƙabartarsu a gefe. Mu uku muka je da motar aro. Muka shimfiɗa darduma a ciyawa muka fuskanci arewa maso gabas muka yi La'asar, iska tana ɗaga gefen dardumar sai da muka danne da takalma. Mama za ta so wurin.

Baban 'yan biyu, Minneapolis

Allah ya saka da alheri, na rubuta komai. Na karanta wa Mama na Hajiya da na ƙanenmu na Fargo, ta ce Ross dole ne ko da za a rage wani wuri. Mun mayar da tafiyar ƙarshen Yuni, kuma hanya 16 za mu bi. Malam direba, saura tambaya ɗaya: mota mai tsawon ƙafa 25 za ta ishe mu shida, ko in ɗauki mai tsawon ƙafa 30 duk da duwatsun?