"Kowa ya ci ladan kuturu…": tsakanin gwamnati da talaka, wa ya ci na wa?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Ana hirar tallafin gwamnatin Kamaru na Filets Sociaux, wanda ake ba gidajen marasa ƙarfi sefa 20,000 duk wata biyu, sai wani dattijo ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Wai wanda ya karɓa ya kama bakinsa, ranar zaɓe kuma ya san takardar da zai sa a ambulan. Jama'a, nan ne muhallin karin maganar?

Jikan Wanzami: Wa alaikumus salam. Da girmansa, Baba ya juya ta. Wanzami ne ke karɓar lada tun bai jiƙa kan ba. In ya ɗaga hula ya ga abin da ransa bai so, ba halin mayar da aska cikin zabira, ya riga ya sa kuɗi a aljihu. Wace aska ce a hannun tsohuwar da aka miƙa wa tallafi?

Hajiya ta Kasuwar Marwa: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Mu kullum sai mun yanki tikitin kasuwa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a 2024, kuɗin dakon kowane buhun gero ya bi ta. Gwamnati ce ta ci lada, mu muke zaune da suma.

Ɗan Garwa: Hajiya, ashe mu ne kutaren ke nan!

Hajiya ta Kasuwar Marwa: In dai za a yi askin, a kira ni da shi.

Ungozoma: Ku bar dariya, ni a wurin aiki nake ganin gaskiyarta. Tun 2015 da aka kawo Chèque Santé, takardar kula da lafiyar masu ciki, yankunanmu na arewa, mai ciki takan biya sefa 6,000, ya ɗauke mata awo da haihuwa, har tiyata in ta kama, da kulawa zuwa kwana 42 bayan ta sauka. Wadda ta riƙo takardar nan, daga bakin ƙofa za ka gane ta. Ta ɗaure ta a gefen zane, ta kwance ta ajiye a kan tebur ba tare da sunkuyar da kai ba. Amma maganin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da yake kyauta ne, uwa sai ta yi ta "don Allah a taimaka", alhali shi ma haƙƙinta ne.

Ɗalibi daga Ngaundere: Goggo, abin da muke karantawa a ilimin zamantakewa ke nan: yadda aka tsara bayarwa shi ke sa mutum ya ji shi mai haƙƙi ne ko mai bara. Ma'aikaci na karɓar sefa 4,500 a wata kan kowane ɗa ta hanyar CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi godiya. Manomin auduga da mai mashin ɗin haya ba sa cikin wannan lissafi. Su sai an rubuta sunansu a jerin mabuƙata, maƙwabci na kallo, wanda aka tsallake na zargin jauro, wato mai unguwa. Nan ne mutum ke fara jin an ɗaure shi da bashi. Don haka ban ce dattijon ya yi ƙarya ba. Halin da ake ciki ya faɗa.

Jikan Wanzami: Halin da ake ciki daban, ma'anar magana daban, ƙanena. Dattijon ya nemi wata karin maganar, ga "bakin da ya ci shi ke godiya" nan.

Baban Yara, Kusiri: To ku warware min wannan. Tun shekarar 2000 aka ce firamare kyauta ce. Duk shekara ina biyan kuɗin ƙungiyar iyaye, daga ciki ake sallamar malamin da iyaye suka ɗauka. In ɗana ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, wa zan riƙe, malamin ko gwamnati a Yawunde?