Ambaliyar Kogin Haɗeja: Shin jinga kaɗai ta wadatar?

Manomin Auyo: Jama'a, tun bayan ambaliyar 2022 muke aikin gayya muna ɗaga jinga da buhunan yashi, amma ruwa bai fasa cin gonakinmu ba. Ina gyaran yake?

Malam Sabo: Ɗan'uwa, ciyawar kachala ce ta toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa kogin yake fantsama cikin gonaki, kuma cire ta ya fi ƙarfin lauje, sai hukuma ta kawo injuna.

Hajiya Talatu: Gaskiya ne, Malam. Ni dai a ganina, sanarwa kafin a saki ruwan madatsun Tiga da Challawa ta fi buhun tallafi amfani.

Manomin Auyo: Hajiya, a rediyo muke son jin ta.