Wace kalmar Turanci zan sa wa tsofaffi a takardar neman tallafi?

Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Ina rubuta takardar neman tallafi da Turanci zuwa wata ƙungiyar waje, muna so mu yi wa tsofaffin unguwarmu gwajin hawan jini da na ido kyauta, 'yan shekara 60 zuwa sama, kuma ranar Litinin ake rufe karɓa amma kalma ɗaya ta hana ni sakat.

Da farko na rubuta "the aged", wadda take duba min takardar ta zagaye shi da jan biro ta ce ya tsufa kuma kamar raini ne. Na canza zuwa "the elderly", nan ma ta ja layi, wai yana nuna kamar duk masu rauni ne, alhali akwai ɗan shekara 65 a cikinsu da har yanzu noma yake. Na gwada "elders" tunda shi ya fi kusa da dattawa a kunnena, sai jimlar ta koma kamar masu unguwa da limamai nake nufi. "Senior citizens" kuma gwamnatin Najeriya ma tana da cibiya mai wannan sunan, amma wasu daga cikin mutanenmu 'yan Nijar ne da suka daɗe a nan, kar a ce na cire su.

Na ga Majalisar Ɗinkin Duniya "older persons" take cewa, har ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba, da sunan ake kiranta, wasu kuma "older adults".

To tsakanin biyun nan, wanne ya dace in riƙe tun daga kanun takardar har ƙarshe? Na gode.