Aamir Khan: fim ɗaya a shekara biyu, amma ya ce bai samu lokacin iyali ba?

Ummu Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu bibiyar masana'antar fim ta Indiya. Tun bayan korona Aamir Khan ya sha faɗa a hirarraki cewa ya ba fim rayuwarsa sama da shekara talatin, har 'ya'yansa suka girma bai san abin da ke damunsu ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutumin nan sai ya shekara biyu ko uku bai fitar da fim ba, alhali irin su Akshay Kumar kan saki uku ko huɗu a shekara. To ina lokacin nasa yake tafiya? Na biyu, an ce ba ya karɓar kuɗin aiki. Da me yake riƙe gida ke nan?

Malam Na-Sinima:

Wa alaikumus salam. Hajiya, sai an koma baya kaɗan kafin a gane tsarin nasa. Bayan fim ɗinsa Qayamat Se Qayamat Tak ya yi kasuwa a 1988, Aamir ya sa hannu a kan finafinai takwas ko tara kusan a lokaci guda, kamar yadda kowa ke yi a zamanin. Yadda ake aiki a Mumbai a lokacin, ana raba yini kashi-kashi: jarumi ya yi fim ɗaya daga safe zuwa azahar, ya shiga mota ya tafi wani sutudiyon ya yi wani har dare. Kowane furodusa kwana huɗu ko biyar yake samu a wata, shi ya sa fim kan shekara biyu ko fiye ana ɗauka. Sau da yawa ma ba a gama rubuta labarin ba ake farawa, a wurin ɗauka ake miƙo wa jarumi maganganun da zai faɗa a ranar. Finafinan da suka biyo baya suka yi ta faɗuwa har sai da Dil ya fito a 1990. Daga nan ya ɗaura wa kansa sharaɗi uku: sai ya gamsu da cikakken labari, sai ya yarda da darakta, sai ya tabbata furodusa zai iya kai aikin ƙarshe ya kuma sake shi yadda ya kamata.

Sharaɗi na uku a gida ya koyo shi. Mahaifinsa Tahir Hussain furodusa ne, kuma fim ɗinsa Locket ya kai kusan shekara takwas bai kammalu ba, kuɗin ruwa na hauhawa, masu bin bashi na bugo waya. Duk ranar da jarumi ya ce ba shi da lokaci, bashin furodusa ne ke ƙaruwa.

Inda tsarin ya fito sosai shi ne Lagaan. An ɗauke shi a jere ba yankewa, daga Janairu zuwa Yunin 2000, a wani ƙauye da aka gina musamman kusa da Bhuj a jihar Gujarat. Abu uku aka yi da ba a saba da su ba a finafinan Hindi na lokacin. Na ɗaya, an tattara kowa wuri guda wata shida, babu mai zuwa wani aikin. Na biyu, an naɗi murya kai tsaye a wurin ɗauka maimakon a dawo sutudiyo a ɗora daga baya. Wannan na nufin janareto sai an kai shi nesa, kowa ya yi tsit, in mota ta wuce ko wani ya yi tari sai a sake. Na uku, an ba mataimakin darakta na farko, Apoorva Lakhia, ikon tsara lokaci, motar ma'aikata na tashi da asuba ko da wa ya makara. To ki ƙara watannin gyaran labari kafin nan, da tacewa, da kiɗa, da talla, da kuma zaman Amurka don neman kambun Oska a farkon 2002. Fim ɗaya ya cinye kusan shekara uku, kuma a duk matakan yana ciki, tunda shi ne furodusa.

Baban Hanifa:

Bari in ɗauki tambayar kuɗin. Ba wai kyauta yake aiki ba, a layin biya ne ya koma ƙarshe. Ga yadda kuɗin ke gangarowa. Daga farashin tikiti ana fara cire harajin GST, wato harajin kaya da ayyuka na Indiya, kashi 18 cikin ɗari ga tikitin da ya haura rupi 100. Abin da ya rage ana raba shi da gidan sinima. A manyan sinimomi mai rarraba fim kan samu kusan rabi a makon farko, rabon nasa na raguwa mako bayan mako. Daga wannan ake cire kuɗin talla da na sakin fim, sannan kuɗin shiryawa. Ana haɗawa da abin da aka sayar na haƙƙin talabijin, na waƙoƙi da na intanet. Sai abin ya haura duk wannan ake kiransa riba, kuma daga ribar ne yake ɗaukar kasonsa.

Misali kawai: a ce an kashe rupi biliyan 1 a fim har da talla. In aka ce ya tara biliyan 2 a sinima bayan haraji, abin da zai dawo hannun masu fim bai fi biliyan 1 ba. Wato an tashi canjaras, ribar sai dai daga haƙƙoƙin da aka sayar. Da jarumi ya karɓi miliyan 500 tun farko, da wannan fim ɗin da jaridu ke cewa ya yi kasuwa asara ce ga furodusa, in kuɗin haƙƙoƙin bai kai haka ba.

Amfanin tsarin a fili yake: kasafi ya yi sauƙi, sai a iya yin labarin da 'yan kasuwa ke tsoro, irin Taare Zameen Par na 2007 a kan yaro mai matsalar karatu. In kuma fim ya yi kasuwa sosai, jarumin ya fi kowa kwasa. Dangal ya tara kusan rupi biliyan 20 a duniya, fiye da rabi daga Chana bayan an sake shi can a Mayun 2017.

Inda yake cizo kuma shi ne ba ka da na biyu a hannu. Mai fim huɗu a shekara in ɗaya ya faɗi a Maris, wani zai rufa masa asiri a Agusta. Shi kuwa Thugs of Hindostan ya buɗe da sama da rupi miliyan 500 a ranar farko a 2018, washegari labari ya bazu cewa ba daɗi, ciniki ya zube. Ya jira shekara huɗu, Laal Singh Chaddha ya fito a Agustan 2022, ko biliyan 1 bai haɗa ba a cikin Indiya. Daga Dangal a ƙarshen 2016 zuwa 2025, babu fim ɗin da ya ja a matsayin babban jarumi da ya yi kasuwa.

Yaya Larai:

Malam ya yi bayanin tsari, amma akwai lokacin da jiki kansa ke ci, ba a faɗa ba. A Dangal ya fito a matsayin ɗan kokawa Mahavir Singh Phogat, da tsufansa da ƙuruciyarsa. An ba shi zaɓin sa rigar ƙiba ta roba ya ƙi, hujjarsa ita ce ƙibar gaske tana sauya numfashi da tafiya da yadda mutum ke zama ya tashi, abin da riga ba ta yi. Ya kai kilo 97. Ya kuma nemi a fara da ɓangaren tsufa, wanda shi ne mafi yawan fim ɗin, domin in aka bar ƙibar a ƙarshe ba abin da zai tilasta masa ya sauke ta. Aka ɗauki wannan a Punjab daga Satumbar 2015, aka dakata kusan wata biyar ya sauke kusan kilo 25, sannan aka dawo a tsakiyar 2016 don 'yan mintunan ƙuruciya. Ga koyon kokawa a hannun Kripa Shankar Bishnoi, ga karin harshen Haryana. A fim ɗin PK kuma harshen Bhojpuri ya koya.

Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin ma'aunin iya wasa ba, kuma hawa da saukar nauyi haka cikin gaggawa ba abin koyi ba ne. Irrfan Khan bai yi suna da sauya jiki ba, amma wa zai ce bai iya ba? Yawan shiri ma yana da nasa haɗarin: in ka tsayar da salo tun kafin a kunna kyamara, ka yi wata da watanni kana maimaita shi, ko ya yi yawa ba za ka ji ba. Abin da ya faru a Laal Singh Chaddha ke nan, zare ido da 'yar ƙarar da yake yi a maƙogwaro suka gundiri mutane. Shi da bakinsa ya amsa daga baya cewa ya ɗaga wasan fiye da kima, bai ɗora wa darakta Advait Chandan ba.

Ummu Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Amma Yaya, har yanzu ina ganin mai fim ɗaya ya fi mai huɗu damar komawa gida. Ko dai neman uzuri ne kawai?

Yaya Larai:

Bai kawo shi a matsayin uzuri ba, laifi ya ɗora wa kansa. Kuma ba yawan fim ke auna zaman gida ba. Akshay Kumar da kika ambata an san shi da gama fim cikin kwana arba'in zuwa hamsin, yana farawa da sassafe, yana tashi da wuri, ba ya aiki ranar Lahadi, tacewa da sauran wahala ya bar wa masu shi. Wanda yake jarumi, furodusa, mai zama a ɗakin tacewa, mai tara mutane su kalli fim kafin a sake shi don jin inda ya gundire su, ba shi da lokacin tashi daga aiki. Yana falo amma hankalinsa na kan fage na arba'in.

Ki jera shekarun ki gani. Ya auri Reena Dutta a 1986, an haifi ɗansa Junaid a 1993, 'yarsa a 1997. Lokacin Lagaan yaran na ƙanana, uban na Bhuj wata shida, uwar kuma ita ke riƙe da harkar kuɗi da gudanarwar fim ɗin. Auren ya mutu a 2002, bai sake fitowa a fim ba sai Mangal Pandey a 2005. A ƙarshen shekarar ya auri Kiran Rao, wadda tana cikin mataimakan darakta a Lagaan, suka sanar da rabuwa a Yulin 2021. A zaman kullen korona ne ya ce ya yanke shawarar barin fim gaba ɗaya, iyalin ne suka hana shi, suka nuna masa cewa tsakanin nutsewa a aiki da watsar da shi akwai matsakaici. A Nuwambar 2022 ya sanar da hutu daga fitowa a fim. A 2023 ya tare a Chennai na ɗan lokaci don jinyar mahaifiyarsa, wadda ya raka aikin Hajji a 2012. Ya kuma faɗa a fili cewa shi da 'yarsa suna zuwa wurin ƙwararren mai ba da shawara tare don gyara tsakaninsu.

Baban Hanifa:

Ƙari kaɗan a kan hutun, kada a ɗauka ya zauna ne. A cikinsa kamfaninsa ya fitar da Laapataa Ladies wanda Kiran Rao ta ba da umarni bayan rabuwarsu; ya ma yi gwajin fitowa a matsayin ɗan sandan da ke cikin labarin, ta zaɓi jarumi Ravi Kishan. Da ya dawo da Sitaare Zameen Par a Yunin 2025, ya ƙi sayar wa manyan dandamalin kallo na intanet a lokacin, bisa hujjar cewa sakin fim a can bayan mako takwas na hana mutane zuwa sinima. A farkon Agusta ya ɗora shi a YouTube, mai son kallo a Indiya ya biya rupi 100. Wannan ya sa ya yafe kuɗin da a lissafin da na yi a sama shi ne ke ceton furodusa in sinima ta gaza, ya kuma ƙara wa kansa aikin mai rarrabawa a kan na jarumi da furodusa.