Ƙananan Sinadarai a Abincin da Ake Ba Majinyaci ta Jijiya

Likitoci da masu haɗa magunguna sun fi jan hankali kan zinki. Babban mutum na buƙatar miligiram 3 zuwa 5 a rana, amma mai zawo ko yoyon hanji yana zubar da shi sosai, dole a ƙara masa, in ba haka ba ciwo ya ƙi warkewa, fata ta yi ƙuraje.

Manganis kuwa yawansa ne abin tsoro. Ta cikin matsarmama yake fita, don haka idan hanta ta toshe sai ya taru a ƙwaƙwalwa ya jawo rawar jiki. A rage ko a cire.

Sinadarin kofa (wato jan ƙarfe) ma hanyar fitarsa ɗaya ce da ta manganis, sai dai wasu sun ƙi a cire shi gaba ɗaya, ƙarancinsa na jawo ƙarancin jini. Ina ganin suna da gaskiya.